Tsakanin Ma'ajiyar Intanet da Faifan Ajiya: Ina Ya Dace Gida Ya Adana Bayanansa?

Sharhin na yau ya karkata ne ga wata tambaya da ta shafi kusan kowane gida mai waya ko kwamfuta, wato inda ya fi dacewa iyali su ajiye kwafin muhimman bayanansu, ko dai a ma'ajiyar intanet wadda manyan kamfanoni ke ba da haya, ko kuwa a faifan ajiya wanda mutum ke saya da kuɗinsa, ya jona a na'urarsa, sannan ya cire ya adana. Tambayar ta taso ne saboda yawancin abubuwan da a da ake kullewa a adaka ko akwatin ƙarfe sun koma cikin na'ura, kama daga hotunan biki da suna, zuwa takardun shaidar kammala karatu, da hoton takardar fili, da littafin bashi na ɗan kasuwa, da kundin binciken ɗalibi, har ma da muryar mahaifin da ya rasu wadda aka taɓa naɗa a waya. Duk waɗannan suna iya salwanta a rana ɗaya idan waya ta faɗa ruwa, ko ɓarawo ya fizge ta, ko kwamfuta ta ƙi tashi, kuma a irin wannan rana ce mutum ke gane abin da magabata ke nufi da suka ce ajiya maganin wata rana.

Kafin a kai ga zaɓi, wajibi ne a fayyace abin da ake kira kwafin ko-ta-kwana, domin kuskuren fahimtarsa ya fi lalacewar na'ura jawo asara. Kwafin ko-ta-kwana shi ne kwafi na biyu na fayil, wanda aka ajiye a wani wuri dabam yayin da na farkon yake nan daram a inda ake aiki da shi, ta yadda idan ɗaya ya ɓata za a koma ga ɗayan. Mutumin da wayarsa ta cika, ya kwashe hotunansa ya zuba a filashi ko a memori, sannan ya goge na wayar don ya sami wuri, ya sauya wa hotunan mazauni ne kawai, domin har yanzu kwafi ɗaya tak gare shi, kuma ranar da filashin ya ɓata shi ke nan. Haka nan wanda duk takardunsa suke cikin asusun intanet guda ɗaya, babu su a ko'ina kuma, shi ma kwafi ɗaya gare shi, sai dai nasa yana hannun wasu. Wannan ita ce ƙa'idar farko da za a riƙa auna kowace hanya da ita.

Faifan ajiya shi ne mafi daɗewa a cikin hanyoyin biyu. A shekarar 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fito da na farkonsa, wanda ya ƙunshi faya-fayai 50, kowanne da faɗin inci 24, amma abin da yake ɗauka gaba ɗaya bai wuce haruffa miliyan 5 ba, adadin da a yau bai fi girman hoton waya ɗaya ko biyu ba. Yanzu kuwa faifan da ya yi daidai da tafin hannu yana ɗaukar terabait 1 ko 2 ko fiye. Terabait guda daidai yake da gigabait 1,000, shi kuma gigabait guda yana ɗaukar hotunan waya kimanin 200 zuwa 300. Irin wannan faifan da ake jonawa ta waje da igiyar USB iri biyu ne. Na farko yana da ƙananan faya-fayai masu maganaɗisu a cikinsa, waɗanda ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wani siririn hannu mai kai kamar allura da ke shawagi dab da fuskar faifan ba tare da ya taɓa shi ba, a tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Wannan tazara ita ce sirrin aikinsa, ita ce kuma lagonsa, domin idan faifan ya faɗo daga kan tebur yana cikin juyawa, kan allurar yakan karci fuskar da aka rubuta bayanai a kai, sai a ji yana ƙas-ƙas idan an jona shi, kwamfuta kuma ta daina ganinsa.

Iri na biyu, wanda ake kira SSD, ba shi da komai mai motsi, dangin filashi ne da memorin waya, kuma dukkansu sun samo asali ne daga fasahar da injiniya Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan cikin shekarun 1980. Wannan iri yana adana bayanai ne ta hanyar tsare ɗan cajin lantarki a cikin ƙananan gurabe masu ɗimbin yawa, saboda haka ya fi sauri, ya fi jure faɗuwa, amma ya fi tsada, sannan cajin nan yana zurarewa sannu a hankali idan aka daɗe ba a jona shi da wuta ba, kuma zafi yana ƙara saurin zurarewar. Ƙa'idar da ƙungiyar JEDEC mai tsara ma'aunin irin waɗannan na'urori ta gindaya ita ce, SSD na amfanin gida da ya kai ƙarshen ƙarfinsa na rubutu ya iya riƙe bayanai shekara guda ba wuta a zafin digiri 30 na ma'aunin Salshiyas. Wanda ya san yadda ɗakin kwano yake a Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, zai gane cewa jefa irin wannan na'ura a durowa a manta da ita shekara da shekaru ganganci ne.

Alfanun faifan ajiya a bayyane yake. Sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, ba ya buƙatar data, ba ya jiran sabis, kuma yana hannun mai shi, babu wani kamfani da zai sauya masa sharaɗi a tsakiyar tafiya. Yana kuma da sauri, domin faifan maganaɗisu da aka jona da igiya mai kyau yana iya kwafe gigabait 100 cikin abin da bai kai rabin awa ba. Dangane da ƙarkonsa kuwa, kamfanin Backblaze na Amurka, wanda ke aiki da faya-fayai sama da 200,000 kuma yake wallafa alƙaluman lalacewarsu tun daga 2013, ya nuna cewa a kowace shekara tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne ke mutuwa. Sai dai waɗannan faya-fayai suna zaune ne a ɗakuna masu sanyi da tsayayyiyar wuta, ba sa shan ƙurar hunturu, ba a kuma jefa su a jaka a hau babur da su, don haka faifan gida yana fuskantar haɗarin da ya fi wannan.

Akwai kuma wasu matsaloli biyu da suka addabi masu sayen ƙananan na'urorin ajiya a kasuwannin waya. Ta farko ita ce jabu, inda ake sauya wa filashi ko memori bayanin da yake ba kwamfuta, ya riƙa nuna cewa yana ɗaukar gigabait 128 alhali ainihin cikinsa bai wuce 8 ba. Irin wannan yana karɓar fayiloli ba tare da ƙorafi ba, sunayensu duk suna bayyana a jere, amma da zarar ya cika sai sababbi su riƙa hawa kan tsofaffi suna shafe su, mai shi kuma ba zai sani ba sai ranar da ya buɗe hoto ya tarar da shi fayau. Araha dai ba ta ado, kuma akwai manhajojin kyauta irin su H2testw da ke cika na'urar da bayanan gwaji su sake karantawa don tabbatar da ainihin girmanta tun kafin a amince mata. Matsala ta biyu ita ce ƙwayar cutar kwamfuta da filashi ke kwasowa a shagunan buga takardu, inda ake jona filashi goma ko ashirin a kwamfuta ɗaya kullum, sai mutum ya koma gida ya ga fayilolinsa sun ɓuya, an bar masa gajerun alamomi marasa amfani a madadinsu. Saboda haka filashin da ke yawo daga shago zuwa shago abin ɗaukar saƙo ne, bai cancanci zama ma'ajiyar iyali ba.

Babban raunin faifan ajiya, duk da haka, shi ne yana kwana a gida ɗaya da na'urar da yake karewa, sau da yawa ma a jaka ɗaya. Ɓarawon da ya ɗauki jakar kwamfuta ya haɗa da faifan, gobarar da ta ci ɗaki ta ci duka biyun, wutar da ta dawo da ƙarfi ta ƙone kayan lantarki tana iya ƙone duk abin da ke jone a lokacin. A watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin Maiduguri cikin dare, mutane sun tsere ne da rayukansu da 'ya'yansu, kuma a irin wannan hali duk takarda da na'urar da ke cikin gida makomarsu ɗaya. Ga kuma manhajar garkuwa da bayanai, wato muguwar manhaja da ke kulle fayilolin mutum ta nemi kuɗin fansa kafin ta buɗe, kamar WannaCry da ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150 a watan Mayu na 2017, har ta durƙusar da ayyukan asibitoci da dama a Ingila. Irin wannan manhaja tana bi ta kulle har faifan da ta tarar a jone, shi ya sa masana ke cewa faifan ko-ta-kwana a jona shi lokacin kwafi kawai, a cire da an gama.

Wannan raunin ne ma'ajiyar intanet ta zo ta toshe. Abin da ake nufi da ita shi ne, mutum ya tura kwafin fayilolinsa ta intanet zuwa manyan gine-gine cike da kwamfutoci da faya-fayai, waɗanda ake kira cibiyoyin bayanai, inda kamfani ke kula da wuta da sanyi da tsaro, yake kuma ajiye kowane fayil a kan faifai fiye da ɗaya, sau da yawa a gine-gine dabam-dabam, ta yadda mutuwar faifai guda ba ta shafar kowa. Kamfanin Amazon ya fara ba da hayar irin wannan wuri ga masu sana'a a 2006, Dropbox ya buɗe wa jama'a a 2008, Apple ya fito da iCloud a 2011, sai Google Drive a 2012. Kowannensu yana ba da ɗan wuri kyauta, inda Google ke ba da gigabait 15 da ake rabawa tsakanin imel da hotuna da fayiloli, Apple da Microsoft na ba da 5 kowanne, Dropbox kuma 2. Fa'idarta mafi girma ita ce tana aiki da kanta ba tare da an tuna ba, domin hoton da aka ɗauka da safe yana iya isa ma'ajiya kafin azahar, wanda aka sace wa waya kuma yana sayen wata ya shigar da imel da kalmar sirri, sai lambobin mutanensa da hotunansa su dawo. Tun da mantuwa da kasala su ne suka fi hana mutane yin kwafi, wannan fa'ida ba ƙarama ba ce.

Amma kuɗin da ke tattare da ita kashi biyu ne, kuma masu talla sun fi ambaton ɗaya. Kashi na farko kuɗin haya ne, wanda ba ya ƙarewa muddin ana son fayilolin su zauna. A Amurka hayar gigabait 100 tana kusan dala 2 a wata, ta terabait 2 kuma kusan dala 10, wanda ke nufin cewa kuɗin hayar shekara guda galibi ya isa sayen faifan maganaɗisu mai wannan girman. Ga mai samun kuɗinsa da naira lissafin ya fi haka nauyi, ganin yadda dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, da kuma yadda bankuna da yawa suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira tun daga 2022 har zuwa tsakiyar 2025, abin da ya bar wasu da kuɗi a hannu amma babu hanyar sabunta haya. Kashi na biyu kuɗin data ne da lokaci. Tura gigabait 100 yana cin data gigabait 100, dawo da su yana cin wani 100, kuma a layin da ke tura megabit 5 a daƙiƙa aikin zai ɗauki sama da awa 44 ba tsayawa, terabait guda kuwa sai ya haura kwana 18. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100, wanda ya ƙara wa wannan lissafi tsauri.

Baya ga kuɗi, akwai batun samun isa ga ajiyar a lokacin buƙata. A ranar 14 ga Maris na 2024 manyan igiyoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, lamarin da ya raunana sadarwa a Nijeriya da Gana da Kwaddibuwa da Laberiya da wasu ƙasashe, har harkokin banki suka tsaya cik a wurare da dama, kuma an ɗauki makonni kafin a kammala gyara. A irin waɗannan ranaku, takardar da ke ma'ajiyar intanet kaɗai tana nan lafiya, sai dai mai ita ba shi da hanyar kai hannu gare ta, ko da kuwa a ranar ce ake rufe karɓar takardun neman aiki.

Haka kuma sharuɗɗan haya suna hannun mai ba da haya, yana sauya su lokacin da ya ga dama. A 2015 Microsoft ya sanar da rage wurin kyauta na OneDrive daga gigabait 15 zuwa 5. A ranar 1 ga Yuni na 2021 Google ya kawo ƙarshen ajiyar hotuna kyauta ba iyaka, sannan daga farkon 2024 kwafin hirarrakin WhatsApp na wayoyin Android ya shiga cikin lissafin gigabait 15 ɗin nan, abin da ya sa asusun mutane da yawa ya cika, kuma asusun da ya cika yana daina karɓar sabon kwafi, har imel ma yakan daina shiga. Google ya kuma bayyana cewa daga Disamba na 2023 yana iya goge asusun da aka yi shekara 2 ba a taɓa shi ba. Amazon ya rufe ma'ajiyarsa ta Amazon Drive a ƙarshen 2023. Akwai ma waɗanda suka fi haka muni, domin a watan Janairu na 2012 hukumomin Amurka sun rufe dandalin Megaupload bisa zargin satar fasaha, masu fayilolin halal suka rasa nasu tare da na masu laifi. A 2019 MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da jama'a suka ɗora cikin shekara 12 yayin sauya kwamfutocinsa. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin bayanan kamfanin OVH a birnin Sitirasbog na Faransa, inda wasu abokan hulɗa suka gano cewa ainihin bayanansu da kwafinsu duk a wuri guda suke.

Sai dai a rayuwar yau da kullum, abin da ya fi raba mutane da ajiyarsu ta intanet shi ne rasa mabuɗin asusun. Da yawa daga masu waya ba su ne suka buɗe imel ɗinsu ba, mai shagon da ya sayar musu da wayar ko wani yaro a gida ne ya buɗe, ya sa kalmar sirri, kowa ya manta. Wasu kuma sun ɗaure asusun da layin da suka daina amfani da shi, alhali kamfanonin sadarwa suna sake sayar da lambar da aka daɗe ba a yi aiki da ita ba, sai lambar tabbatarwa ta riƙa zuwa wayar baƙo. Ga kuma 'yan damfara da ke kira ko aiko da saƙo suna neman a karanto musu lambobin da aka turo, wanda duk ya ba su kuwa ya miƙa musu ajiyarsa ce da hannunsa. Kariyar da ta dace ita ce kalmar sirri mai tsawo da ba a yi amfani da ita a wani wuri ba, da kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato tsarin da ke neman wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri, da kuma rubuta lambobin ceto da kamfanin ke bayarwa a takarda a adana su tare da muhimman takardun gida.

Wani ruɗani da ya kamata a warware shi ne bambancin daidaitawa da ajiya. Yawancin manhajojin nan an gina su ne don su daidaita abin da ke waya da abin da ke ma'ajiya, suna aiki kamar madubi, duk abin da ya faru a gabansa sai ya bayyana a cikinsa. Idan yaro ya ɗauki waya ya goge hotuna, ko mutum ya goge su da kansa yana zaton akwai su a can, gogewar tana bin su har ma'ajiya, haka nan fayil ɗin da ya lalace lalataccen ne zai hau ya maye gurbin mai kyau. Abin da ke ceto shi ne kwandon shara da kamfanonin ke tanada, wanda a Google Drive da iCloud yake riƙe abin da aka goge na kwana 30, amma wanda bai farga ba sai bayan wata biyu ya makara. Faifan da aka cire aka ajiye a gefe ba ya bin irin wannan kuskure, kuma a nan ya fi ma'ajiyar intanet.

Batun sirri ma yana da fuska biyu. Fayil ɗin da ke cibiyar bayanai a wata ƙasa yana ƙarƙashin dokokin da suka hau kan kamfanin, misali dokar da Amurka ta kafa a 2018 wadda ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ta hanyar shari'a ko da an ajiye su a waje. Nijeriya ta kafa tata dokar kare bayanan jama'a a watan Yuni na 2023, sai dai doka ba ta maye gurbin taka-tsantsan na mai abu. A ɗaya ɓangaren, faifan da ya faɗi a mota ko aka kai wa mai gyara, duk wanda ya jona shi zai ga abin da ke ciki, har da hotunan iyali da ba a so bare ya gani. Maganin duka biyun shi ne sakaya bayanai, wato juya su ta hanyar lissafi zuwa wani abu da ba ya karantuwa sai da mabuɗi, kamar yadda BitLocker ke yi a Windows, da FileVault a kwamfutocin Apple, da zaɓin da WhatsApp ya ƙara a 2021 na kulle kwafin hira da kalmar sirri. Sharaɗin kawai shi ne wanda ya manta mabuɗin ya kulle kansa a waje, babu kuma mai iya buɗe masa.

Idan aka jera waɗannan bayanai za a ga cewa kowace hanya tana da irin tata musibar, kuma abin da ke kashe ɗaya ba kasafai yake taɓa ɗayar ba. Gobara da ambaliya da sata suna cin faifai su bar ma'ajiyar intanet, yayin da mantuwar kalmar sirri da rufe asusu da yankewar sadarwa suke hana ma'ajiyar intanet su bar faifai. A kan wannan ne aka gina ƙa'idar nan ta 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Peter Krogh ya yaɗa a littafinsa na 2005, wato a mallaki kwafi 3 na duk abu mai muhimmanci, a kan nau'in ma'ajiya 2, ɗaya kuma ya kasance a wajen gida. Abin da ya faru a kamfanin finafinai na Pixar a 1998 ya nuna hikimar hakan, lokacin da wani umarni da aka ba kwamfuta bisa kuskure ya goge kusan kashi 90 cikin 100 na aikin fim ɗin Toy Story 2, aka koma ga kwafin ko-ta-kwana na kamfanin aka tarar ya daɗe ba ya aiki daidai ba tare da kowa ya lura ba. Abin da ya ceci aikin shi ne kwafin da wata ma'aikaciya, Galyn Susman, ta ajiye a kwamfutar gidanta saboda tana aiki daga gida bayan ta haihu. Darasin biyu ne, na farko amfanin kwafin da ke nesa, na biyu kuma haɗarin kwafin da ba a taɓa gwada buɗe shi ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka kowane gida zai auna aljihunsa da ƙarfin sabis na unguwarsa, amma akwai tsarin da ya dace da mafi yawan iyalai, wanda ya ginu a kan rarraba bayanai gida uku. Rukuni na farko shi ne ƙananan abubuwa da ba a iya maye gurbinsu, kamar takardun fili da na makaranta da na haihuwa, da lissafin kasuwanci, da lambobin waya, da kundin bincike, da zaɓaɓɓun hotuna. Waɗannan da wuya su haura gigabait kaɗan, saboda haka suna shiga wurin kyauta na ma'ajiyar intanet ba tare da an biya ko kwabo ba, sai kuma a sa kwafinsu a faifai. Rukuni na biyu shi ne manyan abubuwa masu daraja, irin su bidiyon biki da tarin hotunan shekaru da ayyukan mai ɗaukar hoto, waɗanda tura su ta intanet zai cinye data mai yawa, kuma abin da ya fi musu shi ne faifai biyu, ɗaya a gida, ɗaya a shago ko ofis ko gidan ɗan'uwa amintacce a wata unguwa, a riƙa musanya su duk wata ko duk bayan wani babban taro. Rukuni na uku shi ne abin da ake iya sake samu, kamar finafinai da karatuttukan da ke yawo a intanet da saƙonnin barka da Juma'a da ake turawa a zaurukan WhatsApp, waɗanda ba su cancanci a kashe musu wuri ko data ba, kuma su ne suka fi cika asusun mutane.

Bayan an kafa wannan tsari, sauran aikin kulawa ce. Ya kamata a saita waya ta riƙa tura kwafi a lokacin da data ta fi araha, a yi amfani da manhajojin da ke cikin kwamfuta tun asali, irin su File History da Time Machine, don kwafi zuwa faifai ya riƙa tafiya da kansa da zarar an jona, a kuma buɗe wasu fayiloli daga kwafin lokaci zuwa lokaci don a tabbatar suna karantuwa. Faifan da ya kai shekara 4 ko 5 yana aiki ya dace a kwashe abin da ke cikinsa zuwa sabo tun yana da lafiya. Akwai kuma batun gado, wanda bai kamata a yi sakaci da shi ba, domin magidanci yana iya rasuwa ya bar lissafin bashin da ake binsa da wanda yake bi a cikin asusun da babu wanda ya san mabuɗinsa, magada su shiga ruɗani wajen sauke masa nauyi. Google da Apple duk sun tanadi hanyar da mutum zai ayyana wanda za a ba damar shiga bayan ransa, wanda bai yi hakan ba kuma ya rubuta bayanin a takarda ya damƙa wa wanda ya amince da shi.

Hukuncin da wannan sharhi ya cimma shi ne, gidan da ya dogara da ɗaya daga cikin hanyoyin nan kaɗai ya bar ƙofa guda a buɗe, kuma a inda data ke da tsada sabis kuma ba shi da tabbas, abin da ya fi dacewa shi ne faifan ajiya ya ɗauki manyan kaya, ma'ajiyar intanet ta kyauta ta riƙe ƙananan takardun da rashinsu zai girgiza iyali. An ware ranar 31 ga Maris ta kowace shekara don tunatar da jama'ar duniya yin kwafin bayanansu, amma waya ba ta duba kalanda kafin ta lalace. Saboda haka kira ga masu sauraro shi ne, kowa ya duba abu biyar mafi muhimmanci da ke cikin na'urarsa, ya tambayi kansa wuri nawa suke, idan amsar wuri ɗaya ce ya yi musu kwafi na biyu a yau.